Jan Fenti a Bango: Wa Ke da Ƙasa, Wa Ke da Gini?

Duk wanda ya zauna a unguwannin gefen Kano ko Kaduna ko Abuja ya san irin wannan rana. Magidanci ya fita kasuwa da safe, ya bar bangonsa lafiya lau. Ya dawo da la'asar ya tarar an gicciya masa jan fenti, an rubuta kwanan wata da wasu baƙaƙen boko a ƙasa. Ba wanda ya yi sallama da shi. Yaran layi ne za su ba shi labari: wasu mutane ne suka zo a farar mota, ɗaya da gwangwanin fenti, ɗaya da littafi, suka bi gida-gida har bakin kwalbati. Kafin magariba maza sun taru a ƙofar masallaci, kowa da takardarsa a cikin leda.

Takardun nan kusan iri ɗaya ne. Falle guda, an rubuta da hannu ko an buga a shagon kwamfuta: wane ya sayar wa wane fili, tsawo ƙafa hamsin, faɗi ƙafa ashirin da biyar, gabas ya yi iyaka da wane, yamma da hanya. Ga sa hannun mai sayarwa, ga na dillali, ga shaidu biyu, ga hatimin mai unguwa. A wurin mai ita da maƙwabtansa magana ta ƙare, tunda an biya kuɗi, an shafa fatiha, an raba goro. A wurin dokar Nijeriya kuwa, iyakar abin da takardar ke nunawa shi ne an biya kuɗi an shiga fili. Alƙali zai iya dubanta idan rigima ta tashi tsakanin mai saye da mai sayarwa. Amma ba ta ɗaure hannun gwamnati ba, kuma ba ita ce izinin gini ba.

Tushen al'amarin yana cikin sashe na 1 na Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa ranar 29 ga Maris, 1978. Sashen ya ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamnan jihar, yana riƙe da ita amana don amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. Daga wannan rana babu mai ƙasa, sai mai izinin zama a kanta. A birni gwamna ke bayar da izinin, a karkara ƙaramar hukuma. Kuma gwamnan ne da kansa ke shata inda birni ya tsaya, karkara ta fara. Takardar da 'yan boko ke kira C of O, jama'a kuma ke cewa satifiket, shaida ce ta wannan izini, yawanci na shekara 99 idan gidan zama ne, tare da kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara.

A Kudu dokar ta zo kamar saukar aradu, domin can dangi da sarakuna ke da ƙasa tun kaka da kakanni. A Arewa ba baƙuwa ba ce, tsohuwar riga ce aka sake wa wuya. Tun ranar da Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya tsaya a Sakkwato a watan Maris na 1903 ya shaida wa manyan gari cewa ikon da Fulani suka samu a kan ƙasa da yaƙi ya koma hannun Turawa da yaƙi. A 1908 wani kwamiti ya zauna a Landan kan filayen Arewa, a 1910 aka yi shelar da ta sa ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon Gwamna. Bayan samun mulkin kai, dokar 1962 ta gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauke sunan Gwamna ta sa na Minista. Sojojin 1978 wannan tsari suka ɗauka suka shimfiɗa wa ƙasa duka.

Sai dai talakan Arewa bai taɓa rayuwa da wannan fahimta ba. Shi abin da ya sani shi ne gado da saye da kyauta da aro da jingina, da kuma ƙa'idar fiƙihu cewa wanda ya raya mataccen fili shi ya fi cancanta da shi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan wannan mas'ala, mai suna Ta'alimur Radi. Dokar Turawa tana ofis a Kaduna, gonar tana hannun mai ita, dagaci na shaida, ba wanda ya taka wani. Rigima ta fara ne da birane suka kumbura suka iso gonakin.

Shi ma tsara gari da doka ta kawo, bai zo don talaka ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka yanka wajen ganuwa gida-gida: Nasarawa tasu, Sabon Gari na baƙi 'yan Kudu, Tudun Wada da Gwagwarwa na 'yan ci-rani da tsofaffin sojoji, birni kuma na Sarki. Dokar garuruwa ta 1917 da ƙa'idojin zamanin sun tanadi a bar fili yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don sauro. Inda aka zuba titi mai faɗi da itatuwa da magudanar ruwa, nan ne Bature ke kwana. Daga baya an yi manyan taswirori masu kyau. Masanin tsara birane Trevallion ya tsara wa Kano shirin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Takwaransa Max Lock ya yi wa Kaduna nata a 1967, yana hangen shekara hamsin gaba. Taswirorin suna nan a ɗakunan karatu. Garuruwan sun wuce su tun tuni, ta inda ba a zata ba.

Ta ina suka wuce? Ta awon igiya.

Mutanen Kano sun raba filaye gida biyu: awon gwamnati da awon igiya. Na farko shi ne wanda ma'aikatar ƙasa ta yanka, mai safiyo ya kafa duwatsu, aka fitar da titi da filin makaranta da na masallaci da na asibiti. Na biyu shi ne wanda dillali ya sayi gona, ya zo da igiya da turaku da yara biyu, ya yanka ta gunduwa-gunduwa. Sassa masu yawa na Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka da Rimin Kebe da Bachirawa haka suka tashi. Gwamnatoci sun sha haramta shi, shi kuma bai fasa ba. Ana yawan ɗora laifin a kan kwaɗayin dillalai, kuma suna da nasu kason. Duk ƙafa guda da dillali ya bar wa hanya kuɗi ne ya zubar, shi ya sa ake samun lungun da a-daidaita-sahu ke shiga da ƙyar, motar kashe gobara kuwa sai dai ta tsaya a bakin titi ana kallon hayaƙi. Akwai lungun da ko makara sai an karkata ta kafin ta fita.

Amma wanda ya karanta sashe na 29 na dokar 1978 zai ga cewa ita kanta dokar ce ke kiwon awon igiya. Idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, ba ta biyan diyyar ƙasa, domin a ganin doka ƙasar tata ce tun asali. Abin da take biya shi ne abin da aka aza a kai: gini, rijiya, amfanin gona, itatuwa. A ɗauki manomi a Ungogo ko Kumbotso wanda birni ya iso bakin gonarsa. Idan ya jira gwamnati, za a ƙirga masa mangwaro da ɗorawa da kuka, a yi wa dawarsa kuɗi, a sallame shi. Wani lokaci a yi kashe-mu-raba, a ba shi 'yan fulotai daga cikin gonar ubansa. Bayan shekara biyu ya ga fuloti ɗaya an sayar da shi kuɗin da ya ninka diyyar gonar duka. Idan kuwa ya riga gwamnati, ya kira dillali, kuɗin ƙasar a aljihunsa za su faɗa. Kuma da zarar an yi gini an shiga, karɓar wurin ta zama mai tsada ga gwamnati, ta kuɗi da ta siyasa. Ba sai manomi ya je makarantar lauyoyi ba kafin ya gane wannan lissafi.

Mai saye ma yana da nasa lissafin. Fulotin gwamnati ba a samunsa sai da hanya. Ana cike fom, a jira shekaru, sannan a ji cewa an raba wa manya, su kuma sun sayar da takardun tun kafin a share wurin. Malamin firamare ko mai shagon tireda da ya tara kuɗinsa ta adashi, ina zai nufa? Wurin dillali, wanda zai karɓi rabi yau, rabi bayan salla. Ya san wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma gidan haya ma zubar take yi.

Ko wanda ya yi sa'a ya samu satifiket bai huta ba. Sashe na 22 ya ce mai izinin zama ba zai sayar ba, ba zai jinginar ba, ba zai miƙa wa wani ba sai da amincewar gwamna, kuma sashe na 26 ya ce duk cinikin da aka yi ba da ita ba ɓatacce ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta nuna cewa maganar ba wasa ba ce, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. Ajilo ya jinginar da gidansa na Legas, wanda ya mallaka tun kafin 1978, aka ci bashi. Da banki ya tashi sayar da gidan sai ya garzaya kotu ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba. Kotu ta ce haka ne, jinginar ta ɓaci. Banki ya tashi a tutar babu, sauran bankuna kuma suka ɗauki darasi: ba satifiket, ba amincewa, ba bashi.

A aikace neman amincewar nan tafiya ce ta watanni, wani lokaci shekaru: fayil daga tebur zuwa tebur, kuɗin rajista, kuɗin hatimi, kuɗin ƙiyasi, da wanda ba a rubuta rasit. Saboda haka mutane suka daina nema. Gida guda a Tarauni ko Unguwar Rimi zai iya sauya hannu sau huɗu, satifiket na ɗauke da sunan mutumin farko da ya rasu shekara ashirin da suka wuce, kowane sabon mai saye yana ƙara tasa takardar ciniki a cikin ambulan. Ranar da magadan na farko suka farka, ko aka ce a zo a sabunta takardu, ranar ake sanin an yi gini a kan toka.

Satifiket ɗin kansa ba ya wanke ƙazanta. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta ce takardar ba ta haifar da haƙƙin da babu shi tun farko. Wanda ya karɓo ta a kan filin wani, takarda kawai ya riƙe. A 2003, a shari'ar Ɗantsoho da Mohammed da ta taso daga Kano, kotun ta ce idan an ba mutum fili ba a soke nasa ba, sannan aka sake ba wani, na biyun bai samu komai ba. Wannan hukunci kariya ce ga mai haƙƙi, amma yana kuma tona asirin ofisoshin ƙasa: fili ɗaya, takarda biyu, duka da hatimin gwamnati. Don magance irin wannan aka koma ajiye bayanan filaye a kwamfuta, AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano. An samu sauƙi, ba laifi. Sai dai kwamfuta abin da aka zuba mata take riƙewa, kuma yawancin gidajen awon igiya ba su taɓa shiga cikinta ba.

Akwai kuma abin da ke rikita mutane da yawa: takardar fili daban, izinin gini daban, kuma ofisoshinsu ma daban. Ta farko daga ma'aikatar ƙasa take fitowa. Na biyu daga hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, sashen kula da gine-gine a Abuja. Mai satifiket na gaskiya zai iya ganin jan fenti idan ya aza bene ba tare da an amince da zanen ginin ba, ko ya ci hanya, ko ya mai da gidan zama makaranta ko otal ko rukunin shaguna, domin kowane satifiket ya faɗi abin da aka ba da filin dominsa. Gwamnatin Babangida ta yi dokar tsara birane ta ƙasa baki ɗaya a 1992, amma a 2003 Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli ta yi nasara: tsara gari hurumin jihohi ne, tarayya Abuja kawai ke gabanta. Ma'ana, mai ba da fili gwamna, mai amincewa da ciniki gwamna, mai naɗa shugaban hukumar tsara gari gwamna, mai soke izini gwamna.

Kada a ɗauka ƙa'idojin nan iyayi ne na 'yan boko. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. A watan Agusta na 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka aza a kan hanyoyin ruwa. A ƙarshen watan nan kuma bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut, a tsakiyar kasuwar waya. A Janairun 2020 shagon sayar da gas ya fashe a Sabon Tasha ta Kaduna, cikin shaguna da gidajen jama'a, ya kashe mutane har da shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, Farfesa Simon Mallam. Kududdufan cikin birnin Kano, waɗanda kakanni suka haƙa don ƙasar gini suka zama matattarar ruwan sama, an cike da yawansu an yi gidaje da shaguna, ruwan kuwa bai manta hanyarsa ba. Doka tana da gaskiya idan ta ce kada a yi. Inda take faɗuwa shi ne lokacin da take magana. Ana haƙa harsashi ba ta nan, ana linta ba ta nan, ana rufi ba ta nan. Sai an tare, an haifi 'ya'ya, sannan ta zo da gwangwanin fenti. Ihu bayan hari ke nan, kuma mai ihun yana tafe da katafila.

Abin da ya faru a Kano a 2023 ya nuna ɗaya fuskar matsalar, wato ta masu takarda. An rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ranar 29 ga Mayu. Tun kafin rantsuwar ya yi gargaɗi ga masu gini a filayen makarantu da asibitoci da masallatai da maƙabartu da jikin badala su dakata. Ba a yi mako guda ba katafila ta fita cikin dare. Aka rushe benen shaguna a filin sukuwa na Nasarawa, aka bi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, da na sansanin alhazai, da shagunan da suka kewaye Masallacin Idi, har da shataletalen ƙofar gidan gwamnati. Matasa suka bi baya suna kwasar rodi da ƙofofi da kwanon rufi, suna kiran abin ganima.

Hujjar gwamnati ita ce waɗannan wurare na al'umma ne, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta yanka ta sayar ba bisa ƙa'ida ba. Kanawa da yawa sun yarda da haka, don sun ga yadda filin Idi ya koma kasuwa a idonsu. Hujjar 'yan kasuwa ita ce ba su yi kutse ba: gwamnati ce ta ba su, da takardu, da rasit, wasu ma daga hannu na biyu ko na uku suka saya. Masu shagunan Masallacin Idi suka tafi Babbar Kotun Tarayya, a ƙarshen Satumba ta yanke cewa an tauye musu haƙƙi, ta umarci gwamnati ta biya naira biliyan 30. Daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3.

Doka ba ta hana gwamna karɓe fili ba. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke izini saboda maslahar jama'a, ko saboda mai filin ya saɓa sharaɗi. Amma ya gindaya matakai: jami'in da aka ba izini ya sa hannu, a kai wa mai filin sanarwa a rubuce, sannan haƙƙinsa ya faɗi. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance ta 1991 Kotun Ƙoli ta ce sokewar da ba a isar da sanarwarta ba banza ce, haka ma wadda aka yi don a ƙwace daga wani a ba wani ɗan kasuwa. Tun 1986 ma, a rigimar gwamnatin sojan Legas da Ojukwu kan wani gida a Ikoyi, kotun ta tsawata wa gwamnati cewa ba ta da ikon ɗaukar doka a hannunta alhali magana na gaban alƙali. Wanda ya yanka filin Idi ya yi ɓarna, wanda ya rushe ba tare da bin mataki ba shi ma ya yi, kuma alƙalami ɗaya suka yi amfani da shi. Biliyan ukun nan ba daga aljihun ɗayansu ta fito ba. Daga baitulmalin Kanawa ta fito, har da harajin waɗanda aka rushe wa shagunan.

Abuja ita ce uwa a wannan fage. Dokar soja ta 6 ta 1976 ta sa ƙasar birnin tarayya duka a hannun gwamnatin tarayya, aka zana babbar taswira a 1979. Minista ne ke zaune a kujerar gwamna, kuma kotuna sun tsaya a kan cewa shi kaɗai ke ba da fili. Takardar sarkin ƙauye ba ta da tsayuwa. Amma leburori da direbobi da ƙananan ma'aikatan da suka gina birnin ba a tanadar musu wuri a taswirar ba, sai suka sayi fili a hannun sarakunan Gbagyi a Idu da Karmo da Chika da makamantansu. Zamanin da Nasiru el-Rufa'i ke minista, daga 2003 zuwa 2007, aka yi rusau mai girma da sunan dawo da taswira. Rahoton da ƙungiyoyin kare haƙƙi na COHRE da SERAC suka fitar a 2008 ya ƙiyasta mutanen da aka tasa sun haura 800,000. Ba su koma garuruwansu ba. Sun matsa Mararaba da Masaka da Suleja da Madalla, suka sake yin wani awon igiyar a jihohin maƙwabta, suna cika titin Nyanya kowace asuba. Manya ma ba su tsira ba: a Maris na 2025 hukumar birnin a ƙarƙashin Minista Nyesom Wike ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda rashin biyan kuɗin ƙasa na shekara goma ko fiye.

Wanda aka zalunta, ina zai kai kuka? A nan ma akwai tarko. Filin da ke ƙarƙashin izinin gwamna, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke da hurumin sauraron rigimarsa. Mutanenmu kuwa kotun shari'ar Musulunci suka fi sani, ta fi kusa, ta fi sauƙin kuɗi, ana magana da Hausa. Idan rabon gado ne ko wasiyya ko wakafi ko kyauta, hurumin nan nata ne. Idan kuwa jayayya ce kan wane ne mai fuloti a cikin birni, sau da yawa mutum zai yi shekaru yana shari'a, ya yi nasara, a ɗaukaka ƙara, kotun sama ta ce tun farko ba a shigar da ƙarar inda ya dace ba, a koma a faro.

Duk wannan a kan ɗan haya yake ƙarewa. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci, amma bashin gina gida daga asusun yana son fili mai takardar da banki zai karɓa, abin da yawancin masu biyan ba su da shi. Sai su ci gaba da zama a haya, ana karɓar kuɗin shekara guda a dunƙule. Nan ma doka ta yi tanadi: a Abuja da jihohi da dama, mai hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata shida idan ba a yi wata yarjejeniya daban ba, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. Cire ƙofa ko kwance rufi ko watso kaya waje ba ya cikin ikon mai gida. 'Yan haya ƙalilan ne suka san haka, waɗanda suka sani kuma kunya da tsoron lauya kan hana su motsi.

Gyaran da ake bukata ba ɓoyayye ba ne, masana sun daɗe suna nanata shi. Gwamnati ta riga dillali isa gona, ta fitar da hanya da magudana ko da ba ta da kuɗin kwalta, ta bar wa manomi kaso mai tsoka don ya daina gudunta. Unguwannin da suka riga suka zauna a bi su gida-gida a yi musu rajista da kuɗi kaɗan, in ban da waɗanda ke kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, su kuma a sama musu wani wuri kafin a taɓa su. Cinikin gida tsakanin mutum da mutum ya tsaya a rajista, ba sai ya jira sa hannun gwamna ba. Filin makaranta da na Idi da maƙabarta kuma a ɗaure su da dokar majalisa, yadda ba gwamnan da zai yanka su da takarda guda. Uku daga cikin huɗun nan jiha za ta iya yi gobe idan ta ga dama. Cire amincewar gwamna ne ke bukatar taɓa dokar 1978.

An taɓa gwadawa. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa Majalisar Tarayya ƙudurin rage wuraren da ake neman amincewar gwamna. Ya rasu a Mayun 2010, ƙudurin bai zama doka ba. Sojojin da suka yi dokar sun riga sun dasa ta a cikin tsarin mulki, yau tana sashe na 315 na kundin 1999. Kafin a sauya harafi ɗaya a cikinta sai kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su amince. Majalisun nan kuwa, kowa ya san da bakin wa suke magana idan aka zo batun ikon gwamna a kan fili.